Ƙwayar folik asid: ta kemis, ta wurin awo, da zancen girman jariri

Duk matar da ta taɓa zuwa awon ciki a garin Katsina ta san ƙwayoyin nan biyu da ake ƙulla mata a 'yar leda: ja mai ƙarnin ƙarfe, da wata 'yar mitsitsiya rawaya wadda in ta suɓuce ta faɗi sai an duƙa an lalubo ta. Jar ita ce ta ƙarin jini, rawayar kuma ita ce folik asid. Ni tela ce, a Ƙofar Marusa nake zaune, kuma masu kawo min ɗinki mata ne, don haka hirar ciki da haihuwa ba ta yankewa a ɗakina. A cikin 'ya'yana na farko rawayar nan na sha, ta kemis. Daga baya na sha haɗaɗɗiya mai ƙarfe da folik asid da ake bayarwa a asibitin unguwa, a cikin autana kuma aka ba ni ta kwalba mai sinadarai da yawa. Yayata ungozoma ce a wani asibiti a Daura, ita nake damu da tambaya duk lokacin da wani abu ya shige min duhu. Hukuncina tun daga farko shi ne: maganin ya cancanci a sha shi kullum, ba fashi. Inda nake da ƙorafi shi ne irin wanda ake miƙo mana a kemis, da kuma lokacin da muke fara sha.

Bari in fara da abin da ya fi hana mata sha, domin shi na fi ji a bakin masu ciki. Wai ƙwayar tana sa ɗa ya yi ƙato a ciki, ya ƙi fitowa, a ƙare da tiyata. Surukata, Allah ya ƙara mata lafiya, da zuciya ɗaya ta taɓa ce min: “Ke 'yar nan, ki rage haɗiyar ƙwayoyin nan. Mu da muka haifi goma ba mu sha ba. Kada ki cika ɗan ya zo ya gagare ki.” Na ce, “To, Inna,” don ba a musu da babba, kuma na san tsoron da take ji mini na gaskiya ne, ta ga matan da naƙuda ta wahalar. Amma ban daina sha ba, kuma ga dalilina.

Folik asid bitamin ne daga dangin bitamin B. Aikinsa a jiki shi ne taimakawa wajen ƙera sababbin ƙwayoyin halitta da jajayen ƙwayoyin jini. Mai ciki kuwa jikinta ba abin da yake yi dare da rana sai wannan aikin: jininta yana ƙaruwa, mabiyiya tana girma, ɗan yana ginuwa. In sinadarin ya gaza, jini ya yi ƙasa, abincin da ke isa ga ɗan ya ragu. To ƙwayar cike gurbi take yi, ta kai ɗan ga nauyin da ya kamata ya zo da shi. Ba ta da kitse, ba ta da sukari, ba abin da za ta tura wa ɗa ya wuce ƙima. Jaririn da ake kira ƙato a asibiti shi ne mai kilo 4 zuwa sama, kuma abin da ya fi jawo hakan shi ne ciwon sukari na masu ciki, ko ƙibar uwa, ko cikin da ya zarce lokacinsa. Shi ya sa ake gwada fitsari da jini a wurin awo. Doguwar naƙuda kuma sau da yawa daga ƙanƙantar ƙugun uwa take, ko kwanciyar da ɗan ya yi, sannan jinkirin tafiya asibiti ya ƙara ta'azzara lamarin.

Abin da ya kamata ya tsorata mu a nan ƙasar shi ne ƙaramin jariri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka: duk jaririn da aka haifa bai kai kilo 2.5 ba, nauyinsa ya gaza, ko bakwaini ne ko watanninsa sun cika. Na ga irin wannan da idona a gidan maƙwabciyata. Yarinya ce, cikin fari, ba ta je awo ba sai da ciki ya tsufa, ga zazzaɓi da ya yi ta kama ta da damina. Ta haihu cikin hunturu. Da malamar asibiti ta shimfiɗa zani a kan sikeli ta ɗora ɗan, allurar da ƙyar ta gota kilo 2. Fatar cinyarsa a tattare, hular da na ɗinka masa ta rufe har idanunsa, in an ba shi nono ya ja sau biyu sai barci ya kwashe shi. Aka koya wa uwar ta ɗaure shi a ƙirjinta, fata da fata, ta rufa da zani, ta riƙa tatsar nono tana ba shi da ƙaramin kofi. Aka hana a yi masa wanka da wuri, abin da ya tayar da hankalin kakarsa ƙwarai. Allah ya raya shi, yanzu yana gudu a tsakar gida, amma makonnin nan na farko gidan ba wanda ya yi barcin kirki. Irin waɗannan jarirai sanyi ke saurin kama su, ba su da ƙarfin tsotso, cuta kuma ba ta yi musu da sauƙi. Wanda ya ga wannan ba zai yi wa 'yarsa fatan ƙaramin ɗa don a samu sauƙin haihuwa ba.

Sai dai ba zan yi wa ƙwayar kirarin da bai dace da ita ba. Folik asid shi kaɗai, binciken masana ya nuna ɗan ƙarin nauyi ne kawai yake kawowa, wani binciken ma bai ga bambancin a zo a gani ba. Nauyin jariri abubuwa da yawa ne ke haɗuwa su gina shi: yawan jinin uwa, abincin da take ci, zazzaɓin cizon sauro, hawan jini, shekarunta, da tazarar da ke tsakanin haihuwa da haihuwa. 'Ya'yana duka sun zo da kilo 3 da 'yan kai, na haife su da kaina, amma ba zan ce ƙwayar ce kaɗai ta yi ba, tunda ina kwana a gidan sauro kuma maigidana bai gaza da cefane ba.

Babban aikin folik asid, wanda ba a jayayya a kansa, a wani wuri yake daban, kuma shi ne abin da ya fi ci min rai don ba a cika yi mana bayaninsa ba. A farkon ciki, wurin da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar baya a buɗe yake, sai gefe da gefe su naɗo su haɗe, kamar yadda nake haɗa ɗinkin bayan riga daga tsakiya in bi sama in bi ƙasa. Wannan haɗewar tana kammala cikin kwana 28 da shigar ciki. In wani wuri bai rufe ba, sai a haifi ɗa da ƙullutu ko buɗaɗɗen rauni a gadon baya, ƙafafu ba ƙarfi, fitsari da bayan gida ba riƙo, wani lokaci kai ya tara ruwa ya yi ta girma. In ta sama ce ba ta rufe ba, ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa ba sa cika, ɗan ba ya rayuwa. Mu a nan sai a ce iska ce, ko an yi gamo, ko uwar ta fita da magariba. A 1991 wani babban bincike da masana na Birtaniya suka jagoranta ya nuna cewa matan da suka taɓa samun irin wannan cikin, in suka sha folik asid tun kafin su sake ɗauka, hatsarin maimaituwa yana raguwa da kimanin kashi 70 cikin 100. A 1992 wani binciken a ƙasar Hangari ya nuna yana kare har waɗanda ba su taɓa samu ba. Ganin haka Amurka ta wajabta zuba shi a garin fulawa da dangoginsa daga 1998.

Kwana 28. A lokacin sau da yawa mace ba ta ma tabbatar tana da ciki ba. Mu kuwa al'adarmu ɓoye ciki, musamman na fari. Kunya ba ta barin amarya ta faɗa wa kowa, wata ko mijin sai ya gane da kansa, awo kuma sai ciki ya fito, wata huɗu ko biyar. Ranar da aka ƙulla mata ledar farko, wancan aikin ya riga ya wuce da watanni. Ba wai shan ya zama banza ba, har yanzu yana gyara jini, amma kariyar lakar baya ta kuɓuce. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mace ta fara shan maikirogiram 400 kullum tun lokacin da take sa ran ɗaukar ciki, ta ci gaba. A wurinmu ma'anar wannan ita ce tun daga tarewa, da kuma lokacin da aka yaye yaro ko aka daina tsarin tazara. Muna kashe kuɗi a gyaran amarya, tsimi da gumba da dilka ba wanda ake mantawa. Ni yanzu duk amaryar da na yi wa ɗinkin biki, in uwarta ko yayarta ta zo karɓar kaya, sai na ja ta gefe na ce a saka mata wannan ƙwayar a cikin kayanta. Ba abin kunya a ciki, bitamin ne.

Yanzu ga ire-iren ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. Rawayar kemis ita ce ta fi arha kuma ta fi sauƙin samu, ko'ina akwai, daga Ƙofar Ƙaura har Sabuwar Unguwa. Ba ta da ɗaci, ba ta tayar da zuciya, ko a tsakiyar laulayi tana wucewa. Amma yadda ake sayar da ita a wasu shagunan bai kwanta min ba. Yaron shago zai jawo babbar roba daga kanta, ya zazzago ƙwayoyin a murfi, ya ƙirga da cokali, wani ma da yatsa, ya zuba a 'yar leda, ya ja layi ɗaya da biro alamar sau ɗaya a rana. Ba suna, ba ƙarfin maganin, ba ranar lalacewa. Ga zafin Katsina na watan Afrilu, shago rufin kwano, robar tana kallon rana. In za ki saya, nemi ta kati wadda aka rubuta komai a bayanta, ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. In ta roba ce kawai ake da ita, ki ce a miƙo miki robar ki karanta da kanki.

Babbar matsalarta kuwa ita ce ƙarfinta. Rawayar da ta cika shagunanmu yawanci miligiram 5 ce. Abin da mai ciki lafiyayya ke buƙata miligiram 0.4 ne, wato maikirogiram 400. Kin ga ta ninka fiye da sau 12. Wani zai ce ai yawan alheri ba ya ɓaci, to a nan yana da illa guda da ta shafe mu kai tsaye. A wurin awo, daga mako na 13, ana ba mu Fansidar ƙwaya uku mu haɗiye a gaban malamar, a maimaita bayan wata guda, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Wannan rigakafin zazzaɓin cizon sauro ne, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke kare nauyin jariri, domin ƙwayar cutar tana taruwa a mabiyiya ta tare wa ɗan abinci ko uwar ba ta jin zazzaɓi. Yadda Fansidar ke kashe ƙwayar cutar shi ne ya toshe mata hanyar haɗa nata sinadarin folik. In kika cika jininki da miligiram 5 kullum, kin buɗe mata wata ƙofar, ƙarfin rigakafin ya ragu. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a haɗa miligiram 5 da Fansidar, amma 0.4 ba laifi. Yayata ce ta fara faɗa min wannan. Ta ɗauki ledata ta juya ta ce, “Wa ya ba ki wannan? Jiya ba ki ce kin sha Fansidar ba? Ajiye ta, ki koma ki gaya wa malamar awo ta duba miki.” A kemis ɗin da na saya ba wanda ya tambaye ni ko ina zuwa awo, balle me ake ba ni a can.

Akwai matan da miligiram 5 ɗin ita ce tasu: wadda ta taɓa haihuwar ɗa mai matsalar lakar baya, mai sikila, mai ciwon sukari, mai shan wasu magungunan farfaɗiya. Waɗannan likita ne zai rubuta musu, ya kuma tsara musu yadda za a yi da rigakafin zazzaɓin. Kada su daina don sun karanta wannan.

Haɗaɗɗiyar wurin awo ita ce ƙwaya ɗaya mai ɗauke da sinadarin ƙarfe miligiram 60 da folik asid 0.4. A lissafi ita ce daidai da mu, domin ƙarancin jini ya yi yawa a cikin matanmu, kuma mace mai ƙarancin jini ko zubar jini kaɗan bayan haihuwa na iya kayar da ita. Amma tana da wuyar sha'ani, gaskiya. Ƙarninta yana dawowa a gyatsa, tana sa tashin zuciya, tana ɗaure ciki, bayan gida ya koma baƙi ƙirin. Baƙin bayan gidan ba cuta ba ne, ragowar ƙarfen ne, amma in ba a gaya wa mace ba tsorata take yi ta watsar. Na ga mata da yawa suna fitowa daga awo su cusa ledar a ƙarƙashin katifa har ta narke. Dabarar da ta yi min aiki ita ce in sha da dare bayan tuwo, in kwanta, tashin zuciyar ya wuce ina barci. Ruwa da yawa da ganye suna sassauta ɗaurewar cikin. Kada ki kora ta da shayi, shayi yana hana jiki tsotse ƙarfen, madara ma haka. Ki ba da tazarar awa ɗaya ko biyu. Lemon zaƙi ko gwaiba kuwa taimaka mata suke yi.

Shi kansa wurin awon da nake zuwa, wanda ba zan kama sunansa ba, ina yaba wa malamansa. Mata cike da benci tun da sassafe, ana waƙa ana tafi kafin a fara, a gwada jini da nauyi, a saurari bugun zuciyar ɗan, duk da su ƙalilan ne ga taron jama'a. Abin da ya rage musu shi ne bayani. Ana cewa “ku sha maganinku” amma ba a tsayawa a ce ga aikin ja, ga aikin rawaya, ga abin da za ki gani kada ki tsorata. Kuma wani zuwan sai a ce magani ya ƙare, a rubuta miki a takarda ki saya a waje, daga nan ne mace ke faɗawa hannun mai roba da cokali. Yanzu shawarar da ake bi ita ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8, na farko cikin makonni 12 na farko. Da za a yi amfani da ko minti biyar na lokacin waƙar a ɗaga ƙwayoyin sama a yi bayaninsu da Hausa tsantsa, da ledojin ƙarƙashin katifa sun ragu.

Ta kwalba ita ce na fi so, ita ake kira MMS. Sinadarai 15 ne a ƙwaya ɗaya: ƙarfe miligiram 30, folik asid maikirogiram 400, sai aidin, zinki, bitamin A, C, D, E da dangin B da sauransu. Kwalbar ƙwaya 180 ce, ta wata shida, ba sai kin yi ta zarya ba. A cikina ta fi haɗaɗɗiyar sauƙi, wataƙila don ƙarfenta rabi ne. Kuma a nan ne zancen nauyin jariri ya fi ƙarfi, domin gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe masu hali irin namu sun nuna matan da suka sha ta sun fi ƙarancin haihuwar jarirai marasa nauyi a kan waɗanda suka sha ƙarfe da folik asid kawai. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da ita jerin muhimman magunguna. Aibinta biyu: ba kowane asibiti ke da ita ba, sannan in gwaji ya nuna jininki ya yi ƙasa sosai, ita kaɗai ba za ta wadatar ba, sai an ƙara miki maganin jini. In kin same ta ki rufe murfin da kyau, ki ɗora inda hannun yara ba ya kai, domin ƙwayar ƙarfe guba ce ga ƙaramin yaro in ya haɗiye da yawa.

Na kwali masu tsada da ake jerawa a manyan shagunan magani kuwa, waɗanda maza ke sayowa don nuna kulawa, ba na kushe su. Amma ki juya kwalin ki karanta: folik asid ɗin yawanci 400 ɗin nan ne dai, ƙarfen wani lokaci ma bai kai na wurin awo ba. Mai hali ya saya, marar hali kada ya ji ya gaza. Ragowar kuɗin in aka sa a wake da ƙwai da kifi ya fi amfani.

Abinci ma yana da nasa rabon. Zogale, alayyafo, rama, wake, gyaɗa, duk suna ɗauke da wannan sinadarin, kuma Allah ya hore mana su. Sai dai doguwar dahuwa tana kashe shi, in kuma aka tafasa ganye aka tsiyaye ruwan, kamar yadda muke yi wa zogalen kwaɗo, wani kaso ya tafi da ruwan. Shi ya sa ganye ba ya maye gurbin ƙwayar a makonnin farko. Wani abin da ya burge ni a tarihinsa shi ne ta kan mata irinmu aka gano shi: wata likita 'yar Ingila, Lucy Wills, a 1931 ta nuna cewa wani sinadari da ke cikin yis yana warkar da ƙarancin jinin da ke kashe talakawan mata masu ciki a birnin Bombai na Indiya.

Ga masu gida kuma ina da roƙo. Yawancinmu ba ma fita sai da izini, kuɗin Keke Napep zuwa awo ma daga aljihunku yake fitowa. In matarka ta ce ta ga ɓatan wata, kada ka ce a bari ciki ya yi ƙwari. In kai za ka je kemis, ka ce mai maikirogiram 400 kake so, ko haɗaɗɗiya da ƙarfe, in babu ka gwada wani shagon. Masu kemis in suka ga ana yawan tambayarta za su saro ta.

Bayan haihuwa ma kada a jefar da ragowar. Jinin da aka zubar sai an mayar, ga shayarwa, don haka ana so mai jego ta ci gaba da shan na ƙarfe da folik asid har mako 6 zuwa 12. A gidajenmu da zarar an yi suna hankali ya koma kan wanka da kunun kanwa da gasasshen nama, kwalbar ta bi shara. Ni na ci gaba da tawa har na yi arba'in na wuce, kuma ranar da na kai yaron rigakafin mako 6 na roƙi malamar ta sake gwada min jini kafin in daina.